Shekara Biyu Hannun Goggo Yana Hutu

Kusan shekara biyu hannun daman Goggo ya yi a kan cinyarta ba ya aikin komai. Takan ɗora shi a kan zani, tafin yana kallon sama, ta riƙa kore masa ƙuda da na hagu kamar baƙon da aka bar mata amana. Ni nake ɗaura mata ɗankwali kullum kafin in tafi makaranta, domin hannun ba ya kaiwa ƙeya.

Goggo yayar babana ce. Ita ta ɗauko ni daga Nariya ina ƙarama ta kawo ni Rano in yi boko a wurinta. A lokacin da nake ba da labari ina aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ba ni da baki ko kaɗan. Idan malami ya nuna ni a aji sai in ji harshena ya manne, ko da na san amsar. 'Yar shiru take kirana.

Kafin ciwon, aikin Goggo wankan jego. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, amma da an yanke cibi ita ake aika wa. Kwana arba'in, safe da yamma, tana bayan ɗaki da damin ganyen darbejiya a hannun dama, tana tsoma shi a ruwan zafi tana fyaɗa wa mai jego. Ita ke wanke jariri, ta gasa masa cibiya, ta dama kunun kanwa. Rabin matan unguwarmu sun sha ihu a hannunta, kuma su ne ke rige-rigen shimfiɗa mata tabarma a gidan biki.

Sai wani ƙullutu ya fito mata a nonon dama. Aka yi na gida, aka sha rubutu, daga baya aka kai ta wani babban asibiti a Kano, aka ce ciwon daji ne. A gidanmu ba a kiran sunansa, "wannan abin" ake cewa. Aka yi mata aiki aka cire nonon, aka ɗebe har cikin hammata, sannan ta yi watanni ana ƙara mata ruwan magani wanda ya zubar mata da gashi gaba ɗaya. Ba na son daɗewa a kan waɗannan watanni. Ta dai tashi. Gashin ya dawo da laushi kamar na jinjiri, har takan ture ɗankwali ta nuna wa mata, ta ce a asibiti an yi mata sabon kai. Likita ya ce ba a ƙara ganin komai ba, a dai riƙa zuwa duk bayan wata uku.

Mijinta, wanda kowa ke kira Malam, ni kuma nake ce masa Baba, mai awon hatsi ne a kasuwar Rano. Idan ya cika kwano sai ya sunkuya ya daidaita idonsa da tsororuwar, ba ya yarda ƙwaya ta ƙaru ko ta ragu. Ranar da aka sallami Goggo likita ya faɗa masa abu uku, shi kuma ya tara mu a tsakar gida ya biya mana su kamar karatu: kada ta ɗauki abu mai nauyi da hannun, kada ta kusanci wuta, kada wani abu ya yanke ta. A ranar ya kai taɓarya gidan maƙwabta. Ya rataye guga a wata ƙusa can sama, ni kaina sai na taka turmi nake saukowa da ita. Ya sayo mata 'yar butar yara wadda sai an cika ta sau biyu take isa alwala ɗaya. Allura da reza suka koma aljihunsa. Girki ya dawo hannuna da na wata maƙwabciyarmu.

Akwai doka ta huɗu da likita bai faɗa ba, mutanen gari ne suka ƙara. Aka ware mata kwanonta da moɗarta. Matan da ta wanke da hannunta suka koma nuna mata jariransu daga bakin ƙofa, su ɗaga zani ta leƙa fuska, su mayar.

Ba wai Goggo ta zauna lafiya da dokar ba. Na sha dawowa daga makaranta in tarar da ita a gaban murhu tana juya miya da hannun hagu, tana zagin maƙwabciyar a kan gishiri. Da ta ji ƙarar keken Malam a zaure sai ta watsar da ludayi ta ruga kan tabarma, ta ɗora hannun a cinya, ta saki fuska kamar wadda ta wuni tana tasbihi. Malam ya shigo ya shaƙi iska.

"Goggonku warin hayaƙi take yi."

"Iska ce ta juyo, Malam," in ji ta.

Ni kuma in shige ɗaki in cusa fuska a filo don kada dariyar ta fito.

'Yarta ɗaya ce, wadda nake kira Yaya, tana aure a Kibiya. Ita ce ta fari, don haka Goggo ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma tambayar lafiyarta a gaban mutane. Idan dole ta kama sai ta ce "ta Kibiya". A farkon damina aka aiko cewa Yaya tana da ciki, na fari. Al'ada ita ce idan cikin ya tsufa a kawo ta gidan iyaye ta haihu, ta yi wanka, sai ta yi arba'in ta koma. Wani yammaci Malam yana wanke hannu bayan tuwo ya ce ya yi magana da ƙanwarsa ta Fammar, can za a kai yarinyar goyon ciki, tunda nan babu mai iyawa, kuma jinjiri abu ne mai rauni.

Goggo ta ce, "To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma babu yadda za ta ƙara, don uwa ba ta buɗe baki ta ce tana son 'yar fari a kusa da ita. Amma na gan ta da ya fita masallaci. Ta zagaya bayan ɗaki inda babbar tukunyar wanka take a kife, kaza ta mayar da gefenta wurin ƙwai. Ta tsaya ta ƙwanƙwasa gindin tukunyar da yatsa, ta saurara ko ta tsage. Kwana uku bayan nan ba ta saci hanyar murhu ba ko sau ɗaya, abin da ya fi komai ba ni tsoro.

Ina cikin masu raka ta asibiti, saboda idan an shiga bayan labule sai an taimaka mata cire riga. Don haka na san yadda ganin likitan yake. Mu shiga mu uku. Malam ya zauna a kujerar da ke gaban tebur, Goggo a benci ta ja mayafi har hanci, ni a tsaye da jaka. Likitan wani siriri ne mai tabarau, da biro uku a aljihu, ɗaya ya yi masa tabon shuɗi a riga. Yana duba fayil zai ce, "Mama, yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Malam.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji mayafin.

"Babu wata damuwa?"

"Babu, likita, sai godiya."

A shiga bayan labule, ya duba tabon, ya latsa hammata da wuya, ya fito ya rubuta ranar dawowa. Malam ya yi masa addu'a mu fito. Mun fi daɗewa wajen neman takalmin Goggo a ƙarƙashin benci. A wurinmu mara lafiyar da ya amsa gaisuwa da ƙorafi ya yi wa Allah butulci, wanda kuma ya tsare likita da tambaya ya nuna bai yarda da aikinsa ba.

Ana saura kwana biyu mu koma, bayan la'asar, ina aikin gida a ƙarƙashin rumfa, Goggo ta matso da tabarmarta har ta taɓa tawa.

"Ke 'yar shiru. Bokon nan naki yana iya rubuta tambaya?"

"Yana iyawa, Goggo."

"Yago takarda. Mai kyau, ba wadda kika yi wa zanen kifi ba."

Na yago ta tsakiyar littafin kimiyya.

"Rubuta: likita, ina wuni."

"Goggo, da safe za mu je."

"To ina kwana. Ya aiki, ya iyali. Kin rubuta iyalin?"

"Na rubuta."

Ta waiga zaure, ta rage murya. Tambaya ta farko, hannun nan hutunsa sai yaushe. Ta biyu, wannan abin yana kama jariri idan an ɗauke shi. Da aka zo ta uku sai ta tsaya tana tsinkar bakin tabarma.

"Rubuta, akwai wata mata a Kibiya za ta haihu. Ko mutum zai iya yi mata wanka."

"In sa 'yarki ce?"

Ta kwaɗa mini mafici a ka. "Ji mara kunya! Ashe shirun naki na munafunci ne. Wata mata na ce."

Na rubuta wata mata. Muka kalli juna, sai dariya ta ƙwace mana, irin wadda ba a san dalilinta ba, har ta riƙe gefen ɗinkinta tana cewa in bari zan ɓalle mata aiki. Da ta tashi alwala na ƙara wasu 'yan ƙananan haruffa a ƙasan layin: 'yarta ce, ita kaɗai gare ta. Na ninke takardar sau huɗu.

Sai da ta dawo ta gaya mini sauran shirin. A gaban Malam ba za a iya ba. Sai an shiga bayan labule, ni zan karanta wa likita.

"Ni, Goggo?"

"To ni na yi bokon?"

Shekarun ne da aka fara raba maza da mata a mota. Malam ya zauna gaba, mu muna can baya tare da wata Bafulatana da ƙwaryar nononta, takardar tana cikin safata. Duk ramin da motar ta faɗa daga Rano har muka wuce Bunkure sai Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Tana nan?" In ce tana nan. Bafulatanar ta gaji ta tambaya ko kuɗi ne muka ɓoye. Goggo ta ce ai ya fi kuɗi, takardar ƙara ce za mu kai wa alƙali.

Komai ya tafi yadda ya saba. Da sauƙi, da sauƙi alhamdu lillahi, babu sai godiya. Aka ja labule. Na cire mata riga, hannun hagu tukuna, sannan na zare ta dama a hankali. Likita ya duba, ya latsa, ya ce madalla, ya juya zai fita. Na sunkuya na zaro takardar, ta jiƙe da gumi. Na buɗe baki. Babu abin da ya fito. Ina ganin ƙeyarsa, ina ganin hannunsa ya kama labule, harshena ya ƙi motsi. Goggo ta kai hannun hagu ta murɗe mini cinya da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Na yi ƙara, likita ya waiwayo, ni kuma na miƙa masa takardar da hannu biyu, kaina a ƙasa.

Ya karanta a tsaye. Na ga ya yi murmushi a wajen iyali. Daga nan murmushin ya ɗauke. Ya matso da takardar kusa da tabarau, na san ya kai ƙananan haruffan. Ya dube ni, ya dubi Goggo.

"Mama, ɗaga hannun nan in gani."

Ta ɗaga. Ya kai daidai kafaɗa ya tsaya, fuskarta ta yamutse.

"Tun yaushe rabonki da aiki da shi?"

"Tun da kuka ce a bari."

Na mayar mata da riga da mayafi ta koma benci, ya ja labulen ya ce Malam ya matso. "Malam, maganar kada ta ɗauki abu, ai ta mako shida ce, kafin ɗinki ya kama."

Malam ya gyara zama. "Allah ya gafarta likita, ba ka ce mako shida ba. Cewa ka yi kada ta ɗauka. Ina tsaye a nan, kana nan, kana rubutu da jan biro."

"To duk zuwan nan da kuke yi, me ya hana ku tambaya?"

"Kai kake tambaya, mu muna amsawa. Jiki ka tambaya, jiki kuwa da sauƙi."

Wata nas da ke gefe ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Likita ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Laifina ne. Na ba ku ranar farawa ban ba ku ranar dainawa ba." Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya jawo kujerarsa daga bayan tebur, ya kawo ta gaban bencin Goggo, ya zauna har gwiwarsa ta kusa taɓa zaninta.

"Mama, bar maganar jiki. Daga asuba zuwa magariba, me kike yi?"

"Zama."

"Sai me?"

"Sai in gyara zaman."

Nas ta fashe da dariya. Ina jin dariyar ce ta buɗe Goggo. Ta sauke mayafi zuwa wuya, ta fara. Ta ba shi labarin taɓarya da guga. Ta kwatanta masa girman butar da yatsu biyu. Ta ce miyar maƙwabciya ta kusa yi mata abin da ciwon bai yi ba. Ta ce ko ƙaiƙayi ya kama ta a baya sai ta jira an tashi daga makaranta. Da ta zo kan kwanon da aka ware da jariran da ake nuna mata daga ƙofa sai muryarta ta yi ƙasa, ta ce wannan ba ƙorafi ba ne, faɗa kawai take yi. Malam yana kallon tafin hannunsa. A waje masu layi sun fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Likita ya bi takardar ɗaya bayan ɗaya. Ciwon ba ya kama kowa, ko jariri ko babba, ko a kwano ɗaya aka ci. Hannun ba ciwon ne ya riƙe shi ba, zama ne ya sa kafaɗar ta ƙage, kuma motsi ne maganinta. Ya tashi ya fuskanci bango, ya ɗora yatsunsa, ya riƙa tafiya da su sama kaɗan-kaɗan, babban likita da tabon biro a riga yana hawan bango kamar ƙadangare. Ya ce safe da yamma, bayan ta gasa kafaɗar da tsumma mai ɗumi. Wuta da wuƙa a ci gaba da kula, domin wannan hannun ba ya son ƙuna ko yanka, kuma idan ya kumbura a dawo ba sai ranar kati ba.

"Ita kuma wata matar ta Kibiya," ya ce, bai kalle ni ba, "idan hannun ya wuce kai, a yi mata wanka. Amma tukunya wani ya ɗauka. Kuma Mama, ruwan nan naku a riƙa sirkawa, kanwar ma a rage. Muna ganin abin da suke yi wa mata."

"Likita, kai ka san wuƙa. Jego kuma bar mini."

"Na ji. A sirka dai."

Malam ya ɗaga yatsa. "Ya wuce kai da nawa?"

Likita ya dube shi, ya ga da gaske yake. "Taƙi ɗaya," ya ce, ya buɗe babban yatsa da na tsakiya ya nuna. "Kuma wannan dokar tana ƙarewa ranar da ta kai."

Ko ruwa Malam bai sha ba da muka iso gida. Ya tsayar da Goggo a jikin bangon ɗakinta, ya ɗora faifai a kanta, ya auna taƙi ɗaya da nasa hannun, wanda ya fi na likita tsawo, ya ja layi da gawayi. Ya ce saura mako bakwai a ɗauko yarinyar. Idan yatsa ya taɓa layin kafin ranar, zai je Fammar da kansa ya ba ƙanwarsa haƙuri. Idan bai taɓa ba, magana tana nan yadda take.

A daren na ci tuwo a kwano ɗaya da Goggo. Ta riƙa tura mini naman tana cewa in ci, ni ce lauyanta.

Washegari aka fara hawan bango. Na kawo guntun alli daga makaranta, duk inda yatsunta suka tsaya in yi ɗan zane. Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa, mata suka riƙa shigowa kallo da la'asar, wasu da tsintsiya a hannu. "Hau, Goggo! Saura kaɗan!" Idan ta wuce zanen jiya ko da faɗin ƙwayar gero ne sai wata ta rangaɗa guɗa, har wani tsoho ya aiko daga zaure yana tambaya wa aka haifa. Yaran gidan maƙwabta suka mayar da abin wasa, ka ga bango cike da ƙananan yatsu suna tafiya.

Wata ranar ɗaya daga cikin matan, wadda Goggo ta yi wa wanka sau uku, ta kwance goyonta ta ajiye shi a cinyar Goggo. Goggo ta daɗe tana kallon yaron. Sai ta ɗaga rigarsa.

"Wa ya gasa wannan cibiyar? Ji ta kamar ƙwan zabo."

Aka kwashe da dariya, matar tana dariya tana goge ido da bakin mayafi.

Ba kullum ake guɗa ba. A mako na huɗu hannun ya tsaya, kwana biyar zanen alli yana wuri ɗaya. Ciwon kafaɗar yana sa ta gumi har ya ɗiga daga haɓa. Ran nan ta kori 'yan kallo, ta jingina goshi da bango ta ce likitan nan yaro ne, bai san ƙashin tsufa ba. Can ta ce in sake ɗumama tsumman. Taɓarya ta dawo gida a makon, ta fara da dakan yaji kaɗan, tana yi tana hutawa, kuma ko ba ta faɗa ba kowa ya san yajin na wane ne.

Ranar awo ta zo, jajibirin ɗauko Yaya. Malam ya dawo kasuwa da wuri. Bai yarda kowa ya shigo ba, mu uku ne, sai kawunan mata a saman katanga. Goggo ta yi bisimilla ta fara. Yatsun suka wuce kafaɗa, suka wuce kunne, suka wuce ɗankwali, suka bi zane-zanen allina ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, suka ɗan ƙara, suka tsaya suna rawa. Malam ya matso ya daidaita idonsa da bango. Tsakanin yatsanta da gawayin akwai faɗin yatsa biyu.

"Kada ki yi ɗage," ya ce. "Diddige a ƙasa."

"A ƙasa take."

Ta sake gwadawa. Yatsa biyu. Ta sauke hannun ta riƙe shi da na hagu, ba ta kalli kowa ba. Malam ya tsaya yana shafa gemu, na ga shi ma ba haka ya so ba, amma mutum ne da bai taɓa cika awo da baki ba.

Ni ƙasa nake kallo, kamar kullum. Nan na ga abin. Mako bakwai tana tsayawa wuri ɗaya, safe da yamma, a kan ƙasar damina, ƙafafunta sun haƙa wurin ya lotsa kamar mazaunin tulu.

"Baba." Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. "Baba, wurin ya yi rami. Ranar da ka ja layin babu shi."

Ya dube ni kamar yau ya fara jin na yi magana. Ya ce Goggo ta matsa. Ya tsuguna, ya gitta kara a bakin ramin, ya zura yatsu a ƙarƙashi. Biyu suka shiga, har da ɗan sarari.

"Awo a rami ba awo ba ne," ya ce. Ya ɗebo ƙasa da kansa ya cike, ya tattake, ya sake gitta karan ya tabbatar bai yi tudu ba. "Bisimilla."

Ta hau. Ta ɗora yatsu a bango. Yatsan tsakiya ya je, ya tsaya, ya ƙara miƙewa. Ta sauke hannun ta miƙa masa. Malam ya kama yatsan ya juya shi wajen haske, ga baƙin gawayi a bakin farce.

"Ya taɓa," ya ce.

Guɗar da ta tashi daga saman katanga sai da ta watsa kaji. Wata ta zame daga kan abin da ta taka muka ji faɗuwarta da salatinta. Goggo ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana nuna wa katanga yatsa. Malam ya tura kekensa ya fita neman motar Fammar, yana cewa mata ba su da aiki.

Yaya ta haihu bayan mako uku, mace. Wankan farko da sanyin safiya aka yi. Ni da maƙwabciya muka sauke tukunya muka juye a babban baho. Na tsaya da bokitin ruwan sanyi, na ce likita ya ce a sirka.

"Zuba rabi," in ji Goggo.

Na zuba duka. Ta harare ni, ta tsoma gwiwar hannun hagu ta ji, ta yi tsaki, ba ta dai ce a ƙara wuta ba. Ta naɗe zani a ƙirji, ta ɗauki damin darbejiya da hannun dama, ta tsoma, ta ɗaga shi sama da kanta, ruwa yana bin hannun har hammata. Ina daga bakin zana ina jin saukar ganyen da ihun Yaya.

"Wayyo Goggo, zafi!"

"Wannan ne zafi? Wannan ruwan likita ne. Juyo bayan."

Da aka gama hannun yana karkarwa, ko moɗa ba ta iya riƙewa. Na jera mata filo biyu ta ɗora shi sama, na duba ko ya kumbura, bai kumbura ba. Ta ce a ba ta jaririyar a hannun hagu. Ta buɗe zanin ta duba cibiya, ta duba bayan kunne, ta shinshina kan. Sannan ta ce in leƙa zaure in gaya wa Malam itacen da ya sayo ɗanye ne, duk ya cika mata ido da hayaƙi, ya nemo busasshe kafin la'asar, don akwai na yamma, kuma saura kwana talatin da tara.